Muna yi wa Hausar baƙo dariya, mu kalma nawa muka iya a Fillanci?

Duk mai hawa TikTok ko Facebook ya san irin bidiyon nan. Ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, an tare shi a bakin kasuwa ana cewa ya faɗi "ƙwarya" ko "ɗan tsako", shi kuma yana ta fama, harshe na sarƙewa. Kafin dare bidiyon ya zaga gari. Wasu su sa alamar dariya, wasu su rubuta masa cewa Hausa ba dabo ba ce. Ni ma na sha dannawa in tura wa abokai.

Na rage wannan ɗabi'ar ne bayan da na samu aikin koyarwa na wucin gadi, aka tura ni wata makarantar firamare da ke gefen rugage a ƙasar Sule Tankarkar. A can na wayi gari ni ne baƙon. Bambancina da ɗan bautar ƙasar nan ɗaya ne: shi yana ƙoƙarin koyon harshen mutanen da ya tarar, ni kuwa tunanin koyon ma bai zo mini ba.

Kalma ɗaya da ban sani ba

Haifaffen Gumel ne ni. Tun ina yaro nake sayen fura da nono a wurin matan Fulani, ina kiransu Inna da Goggo, muna ciniki da Hausa. A zatona duk Bafulatanin yankinmu yana jin Hausa kamar ni. Manyan maza kam suna ji, wasu har sun fi ni iya karin magana. Amma 'yan aji ɗaya, yara masu shekara shida zuwa bakwai da ba su taɓa nisa da ruga ba, da yawansu Hausarsu ba ta wuce "sannu" da "to" ba.

A mako na uku wata yarinya ta kife kai a kan benci tana ta maimaita kalma ɗaya a hankali: "reedu, reedu." Na ɗauka sunan wata ƙawarta take kira. Na daka mata tsawa na ce ta tashi zaune. Ta tashi, ta yi shiru har aka tashi tara. Sai da wani ɗan aji biyar ya shigo neman ƙaninsa, ya gan ta, ya tambaye ta da Fillanci, sannan ya juyo ya ce mini cikinta ne ke ciwo tun safe. Ashe "reedu" ciki ne. Muka goya ta a babur zuwa ƙaramin asibitin da ke kusa, aka sa mata ruwa. Allah ya taimaka ta warke.

Da yamma mahaifinta ya zo ya yi mini godiya da Hausa mai kyau, har da ƙwaryar kindirmo. Wallahi kunya ta hana ni kallon idonsa. Wajen awa biyu 'yarsa na gaya mini abin da ke damunta, ni malaminta ina yi mata tsawa.

Wanda dole ta sa, da wanda ba ta sa ba

Ku duba baƙin da ke cikin garin Gumel. Inyamurin da ke sayar da kayan gyaran babur, da Bayeraben da ke ɗinki ko gyaran waya, yawancinsu kafin shekara biyu Hausa ta zauna a bakinsu. 'Ya'yansu da aka haifa a nan kuwa sai an gaya maka za ka san ba Hausawa ba ne. 'Yan bautar ƙasa ma, tun da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin a 1973, akan ɗan koya musu gaisuwa da ƙirga na harshen jihar da aka tura su a cikin mako ukun da suke yi a sansani. Wanda aka turo Gagarawa ko Maigatari, in bai ƙara da nasa ƙoƙarin ba, ko barkono ba zai saya da daraja ba. Dole ce ke koya musu.

Bahaushe kuwa babu dolen da ta hau kansa. Ko rugar da ta fi kowace nisa ya shiga, zai samu mai jin Hausa. Daga Gumel har Damagaram ba ya buƙatar tafinta. A Nijar ma, kundin da gwamnatin soja ta fitar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan abin alfahari ne, ba musu. Amma yana zuwa da wata makanta: mai babban harshe ba ya lura cewa kullum wasu ne ke barin nasu domin shi.

Na fara lura da haka a ƙarƙashin wata bishiya inda dattawan rugar ke zama bayan la'asar. In na hango su daga nesa, hira ce ake yi da Fillanci, ana ƙyaƙyata dariya. Ina yin sallama, sai kowa ya koma Hausa. Mutum takwas sun ajiye harshensu saboda mutum ɗaya. Su a wurinsu karamci ne. To amma ka lissafa: malamin makaranta Bahaushe, malamin asibiti Bahaushe, mai shago Bahaushe, waƙar da ke cikin waya ta Hausa, fim na Hausa. Yaron da ke tasowa yana kallon wannan zai fahimci cewa Fillanci na shanu ne da tsofaffi, duk wani abu mai muhimmanci da Hausa ake yin sa.

Abin da ya faru da Manganci

Mu mutanen Gumel bai kamata a ba mu labarin yadda harshe ke ficewa daga gari ba. Masarautarmu ta Mangawa ce, dangin Barebari. Tarihi ya nuna an kafa ta wajen 1750, ta yi zamanta a ƙarƙashin inuwar Borno, ba ta taɓa shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba, kuma a 1845 aka dawo da hedikwatarta daga Tumbi, wadda yanzu ke cikin Nijar, zuwa inda Gumel take a yau. Muna alfahari da sunan Lautai, muna sa shi a sunayenmu na Facebook. To a cikinmu masu cewa mu Mangawa ne, mutum nawa ne za su iya gaida kakarsu da Manganci? Mai son jin harshen sosai yau sai ya nausa gabas, wajen Machina da Nguru a Yobe, ko ya ƙetara Nijar wajen Gure da Maine-Sorowa.

Manganci ma ya yi sa'a, yana da masu shi a wasu wurare. A cikin Jigawar nan akwai harsunan da suka tafi gaba ɗaya. Auyakanci na mutanen Auyo da Teshenanci na ƙasar Kafin Hausa, masana harshe sun daɗe da sa su a jerin matattu. Babu wanda ya kafa dokar hana su. Aure, kasuwa da zaman tare ne suka sa kowane gida ya ga Hausa ta fi sauƙi, har aka binne tsohuwa ta ƙarshe da ke mafarki da harshen.

Fillanci bai kai nan ba. Miliyoyin mutane na yin sa daga Senegal har Sudan. Amma a garuruwanmu kowa ya san gidajen da Fulatancinsu ya rage a suna da dogon hanci kawai. Abin da ya faru a birni jiya shi ne ke tafiya ruga yau, kuma a wannan karon wayar hannu na ƙara masa sauri.

Wata ƙasa mai irin matsalarmu

A Birtaniya akwai yankin Wales, maƙwabcin Ingila, mai nasa harshen da ake kira Welsh, wanda ya riga Turanci zama a tsibirin. A ƙidayar 1911 masu jin sa sun kusa miliyan ɗaya. A ta 2011 sun koma kimanin 562,000, a ta 2021 kuma 538,300, wato kashi 17.8 cikin ɗari na mutanen yankin. Kusan duk mai jin Welsh yana jin Turanci. Saboda haka Baturen Ingila da ya sayi gida a wani ƙauyen gundumar Gwynedd, inda har yanzu mafi yawan mutane da Welsh suke magana, zai iya shekara ashirin bai koyi gaisuwa ba. Yana shiga shago ko taron unguwa, kowa zai koma Turanci don kada ya ji an ware shi. Daidai abin da nake jawowa a ƙarƙashin bishiyar nan.

Abin sha'awa shi ne yadda suka tunkari lamarin. A 2017 gwamnatin yankin ta sa wa kanta burin samun masu jin harshen miliyan ɗaya kafin 2050. A Gwynedd, yaron da iyayensa suka ƙaura daga Ingila akan kai shi wata cibiya ta musamman ya yi makonni ana yi masa Welsh zalla, sannan ya koma aji tare da 'yan gari. Akwai wani tsohon ƙauyen masu fasa dutse a bakin teku, Nant Gwrtheyrn, da aka mayar wurin da manya ke zuwa su kwana suna koyo. A babban bikin al'adunsu na shekara-shekara, Eisteddfod, har kyauta ake ba wa gwarzon mai koyo na shekara. A asibitoci da ofisoshi kuma ma'aikacin da ke jin Welsh yakan maƙala wata 'yar alama mai ruwan lemo a ƙirji, don tsoho ko yaro ya san da wa zai yi magana da harshen gida. Sun gano cewa mai ciwo, musamman ƙaramin yaro da tsohon da mantuwa ta kama, harshen uwa ne ke fara zuwa bakinsa.

Duk da wannan kuɗi da tsari, adadin bai daina raguwa ba tukuna. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa harshe in ya fara zamewa, tare shi aiki ne ja. Mu da ba mu da ko ɗaya daga cikin waɗannan tanade-tanaden fa? Akwai hukumar ilimin 'ya'yan makiyaya da aka kafa tun 1989, mai hedikwata a Kaduna, amma ni dai babu wanda ya tambaye ni ko ina jin Fillanci kafin a ba ni alli.

Ba maganar ado ba ce

Wani zai ce to mene ne na damuwa, ai gara yaran su koyi Hausa da Turanci su shiga gari. Gaskiya ne suna buƙatarsu, kuma iyayensu ma abin da suke so ke nan. Babu mai cewa a hana su. Abin tambaya shi ne wa zai tako rabin hanya.

Ku ɗauki asibiti. Matar da ta zo awo daga ruga, ga kunya irin ta Fulani, ga Hausa guntu-guntu. In mijinta ko ƙanin miji ne tafinta, akwai abubuwan da ba za ta taɓa faɗa ba. Ma'aikaciyar jinya da ta iya kalma hamsin na sassan jiki da ciwo za ta ji abin da na'ura ba za ta nuna mata ba.

Ku ɗauki rikicin gona da burtali, wanda duk kaka sai mun ji labarinsa a Jigawa. A zaman sulhu da Hausa ake magana. Manomi na zuba bayani da harshen da aka haife shi da shi, makiyayi na laluben kalma, ga fushi ga tsoro. Ko da mai gari adali ne, filin bai zama ɗaya ba. Matashin da ke jin harsunan biyu, a irin wannan ranar, ya fi mota cike da jami'ai amfani.

Ku ɗauki kasuwar Maigatari ranar Alhamis, inda dabbobi ke shigowa daga Nijar ana loda su zuwa kudu. Tambayi kowane dillali a kara: mai jin Fillanci yana jin abin da masu shanu ke faɗa wa junansu kafin su yanke kuɗi. Ga mai neman abin yi, wannan jari ne da ba ya buƙatar lamuni.

Ga kuma aure. Samari nawa ne a cikinmu ke rubuta "Allah ya ba mu 'yar Fulani" a Facebook? To in Allah ya ba ka, da wane harshe 'ya'yanka za su gaida kakarsu?

Yadda na fara, da inda na sha wuya

Washegarin abin da ya faru na sayi ƙaramin littafi na saba'in, na nemi yaron nan ɗan aji biyar na ce daga yau shi ne malamina. Dariya ya yi har da riƙe ciki. Muka fara da abin da zai hana a maimaita jiya: "hoore" kai, "reedu" ciki, "ndiyam" ruwa, "lekki" magani. Sai ƙirga: go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi. Sai gaisuwa, wadda kusan duk a kan kalmar "jam" take, wato lafiya. Sai "mi nani", na ji, da "mi nanaayi", ban ji ba, wadda ta fi kowace yi mini aiki.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne ashe na daɗe ina Fillanci ban sani ba. Baffa, Goggo, Kawu, Arɗo, burtali, duk daga can muka aro. Haka Galadima, Ciroma, Yarima da Kacalla daga Barebari suka zo mana. Hausar da muke taƙama da ita ma cike take da kayan maƙwabta.

Abu na biyu shi ne wuyar. A Fillanci farkon kalma na canzawa. Mutum ɗaya Pullo, da yawa Fulɓe. Namiji gorko, maza worɓe. Mace debbo, mata rewɓe. Kai da ka saba da "yaro, yara" sai ka ji kamar an canza maka kalmar gaba ɗaya. Daga baya na karanta cewa masu koyon Welsh ma kukansu ke nan: sunan ƙasarsu Cymru, amma in za a ce "a cikin Wales" sai ya koma "yng Nghymru". Na ce ashe ina da 'yan'uwa a wahala.

Abu na uku, kuma mafi wuya, shi ne mutanen kansu. Ina buɗe baki da Fillancina mai ɗingishi, sai a amsa mini da Hausa don a sauƙaƙa mini. Sai da na je na durƙusa gaban Arɗo na ce, Baffa, alfarma nake nema, a daina tausaya mini. Ya yi murmushi ya ce in dai na iya jure dariyar yara, shi ba shi da matsala. Tun daga ranar, in na zo ƙarƙashin bishiya ba a sauya harshe. Rabin hirar na wuce ni, amma ina zaune. Kuma da yake sun san ni Bamange ne, ga wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kowane kuskurena sai ya zama abin tsokana na mako guda. Wannan tsokanar ce ta sa ban taɓa maimaita kuskure sau biyu ba.

Ga mai son gwadawa, abin da na gani ya yi aiki:

Fara da gaisuwa, ka yi ta kullum ko da ita kaɗai ka iya. Mai nonon da ke zuwa ƙofar gidanku malama ce kyauta.

Koyi kalmomin aikinka kafin na littafi. Malamin asibiti ya fara da jiki, dillali da ƙirga da launin shanu, malamin makaranta da "zo", "zauna", "ka gane?".

Yi amfani da wayarka. Ka roƙi izini ka ɗauki muryar mai magana, ka saurara a hanya. Google Translate ya saka Fillanci a 2024, amma ka riƙa tabbatarwa a bakin mutane, domin Fillancin Adamawa, na Sakkwato da na Gini ba ɗaya suke ba. Akwai ma rubutun Adlam da wasu 'yan'uwa biyu, Ibrahima da Abdoulaye Barry, suka ƙirƙiro a Gini a 1989 suna yara, yanzu ana iya rubuta shi a waya.

Kada ka mayar da mutane abin ɗaukar bidiyo. Ka koya don ku fahimci juna. In ka mayar da abin hanyar tara mabiya, za su gane, kuma za su rufe maka baki.

Ku kuma matasan Fulani da Mangawa da har yanzu ke da harshen a baki, in wani ya zo yana ɗingisawa, ku daure ku amsa masa da shi. Kuna komawa Hausa, kun rufe masa ƙofa ke nan ba ku sani ba.

Kafin 26 ga Agusta ta zagayo

Tun 2015 matasa suka fara bikin Ranar Hausa a soshiyal midiya duk 26 ga Agusta, kuma abin ya karɓu har ƙasashen waje. Hujjarmu a ranar ita ce kada Turanci ya cinye mana harshe. Hujja ce mai kyau. Amma laifi tudu ne. Yadda muke ji in ɗan boko ya ce ba ya iya karanta Hausa, haka wata tsohuwa a ruga take ji in jikanta ya amsa mata da Hausa.

Ban zama gwani ba. Har na bar makarantar ban iya ba da labari mai tsawo da Fillanci ba. Amma a zangon ƙarshe, yarinyar nan ta zo wurina da safe ta ce wani abu da sauri, na gane ba tare da tafinta ba: ƙaninta ne ba shi da lafiya, tana so ta koma gida da wuri. Na ce mata "mi nani", na ba ta izini.

Ranar Alhamis mai zuwa, in ka shiga Maigatari ko kasuwar ƙauyenku, ka tsaya wurin mai nono. Kafin ka tambayi kuɗi, ka ce Inna, yaya ake cewa "ina kwana" da Fillanci? Za ta yi maka dariya, tabbas. Ka maimaita har sai ta ce ka faɗa daidai.